Hassan a Dama, Husaini a Hagu

Mu a unguwarmu jirgin sama ba baƙo ba ne. Filin jirgin Malam Aminu Kano na bayanmu kaɗan, ta saman kwanon gidajenmu suke wucewa safe da yamma, har yaranmu da kunne kawai suke gane mai tashi da mai sauka. Sai dai yawancinmu ƙararsa muka sani, zaman cikinsa kuwa sai labari. Shi ya sa ranar da Maman 'Yan Biyu ta faɗo tsakar gidan Hajiya Babba muna kitso, ɗaya a goye ɗaya a kafaɗa, ta ce wai ejan ɗin tafiyarsu ya ce ba za a bar Hassan da Husaini su zauna a jere ɗaya ba, kowa ta saki abin da ke hannunta.

Umara za su tafi ita da maigidanta, yaran kuwa watansu biyar. A nata lissafin abin mai sauƙi ne: kujeru biyu a haɗe, ita a jikin taga, shi a gefenta, kowa da ɗa a cinya. In na hannunsa ya yi kuka ta miƙa masa wannan ta karɓi wancan ta ba shi nono.

"Raba 'yan biyu?" in ji Hajiya Babba. "Ke 'yar nan, koma ki ce masa bai san tagwaye ba."

Kuma da gaskiyarta, haka muka taso muka gani. Mu ba ma raba tagwaye. Yadi ɗaya ake yanka musu, tela ɗaya, rana ɗaya. Baƙo bai isa ya miƙa wa Hassan abu ya bar Husaini yana kallo ba. Tsofaffinmu ma cewa suke in ka ɓata wa ɗan biyu rai, ka zazzage takalminka da safe, don kunama na iya riga ka shiga. Ko wanda bai yarda da zancen kunama ba, ya yarda a daidaita su a komai. To ina ga a ce wannan nan, wancan can, a sararin samaniya?

Wadda ta warware mana ita ce babbar 'yar Hajiya, wadda duk muke ce wa Yaya, don ta yi shekaru tana aiki a cikin jirgi kafin ta yi aure. Ta bari muka gama hayaniyarmu tukuna.

"Umma, ba ƙin yaran aka yi ba," ta ce. "Numfashinsu ake ƙirgawa."

Ta ce jirgi in ya daidaita a sama yakan kai ƙafa 35,000, inda iskar ba ta ishi ɗan Adam ba. Iskar da ake shaƙa a ciki matso ta ake yi a riƙe. In wani abu ya faru ta zurare, akwai ɗan akwati a saman kowane jere da zai buɗe, takunkuman oksijin su zubo. A jirgi irin Boeing 737, mai kujeru uku dama uku hagu, galibi takunkumi huɗu ne a kan kujeru uku. Uku na manya, rarar ɗaya ta jaririn da ke cinya. In aka sa jarirai biyu a jeren, ga manya uku, mutum biyar ke nan a kan takunkumi huɗu. A wannan tsayin kuwa, babba ma bai fi minti ɗaya yake da shi ba kafin hankalinsa ya gushe, shi ya sa ake cewa uwa ta fara ɗaura nata kafin na ɗanta.

Tsakar gidan ya yi tsit. Maman 'Yan Biyu ta sauko da na kafaɗarta ta rungume shi. Ni dai a nan zancen ya shige ni, don na tuna yadda muke tafiya a ƙasa. A tashar Unguwa Uku in za ki Kaduna, yaro ba ya shiga lissafi. Kuɗin kujerarki za ki biya, cinyarki ce kujerarsa, in biyu ne a ɗora ɗaya a cinyar ta kusa da ke, a ce "Hajiya, a ɗan gyara," mota ta tashi. Mun saba wuri ya ishe mu da haƙuri da matsawa. Takunkumi kuwa ba a matsa wa juna a cikinsa. Ina ganin dokar nan ita ce ta farko da na ji an ƙirga jariri ɗan wata biyar a matsayin mutum guda, mai rabonsa na iska da ba ya tarayya da kowa, kuma hakan ya yi mini daɗi.

"To ina za su zauna?" in ji mai kitso, tsinken kitso a baki.

Yaya ta ce kujerun bakin hanya guda biyu masu kallon juna, uwa a dama, uba a hagu, tsakaninsu taku ɗaya. Kowane yaro yana ƙarƙashin nasa akwatin, kuma hannun uwa na kaiwa ga duka biyun. Da an kashe alamar ɗaura bel sai a yi musanya, ta ba da mai ƙoshi ta karɓi mai yunwa. Wasu kan zauna ɗaya gaban ɗaya, amma ta ce nan sai wuya ya yi ciwo don waiwaye. A manyan jirage masu hanya biyu tsarin kan bambanta, akwai waɗanda jeren tsakiyarsu na gaba ke ɗaukar jarirai biyu, har da ɗan gadon da ake maƙalawa a bango. Gadon nan yana da iyaka, kilo 10 zuwa 11 a kamfanoni da yawa, kuma kaɗan ne a jirgi, wanda ya riga nema shi ke samu. Ranar sayen tikiti ake faɗa, a sake tunatarwa a wurin auna kaya. Ko an samu, ba a barin yaro a ciki lokacin tashi da sauka ko in jirgi ya shiga gargada. Kujerun bakin ƙofar gaggawa kuwa, masu faɗin nan da kowa ke kwaɗayi, mai jariri ba ya zama can sam.

Mai kitso ta sake jefo wata: in da maigidan ba ya zuwa fa? Nan ne muka ji abin da ya fi ba mu mamaki. Babba ɗaya, jariri ɗaya a cinya, ba ƙari. Yaron da bai cika shekara 2 ba, a tafiyar ƙasar waje, kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, amma da sharaɗin akwai cinyar da za ta ɗauke shi. Uwar tagwaye ita kaɗai, ko dai ta saya wa ɗaya kujerarsa da kuɗin yaro, ta zo da kujerar jarirai irin ta mota wadda kamfanin ya amince da ita, ko ta nemo mutum na biyu. Wata ta ce ai sai a tafi da 'yar raino, kamar yadda muke yi in za mu biki ƙauye. Yaya ta girgiza kai, ta ce yarinya 'yar shekara 11 ita ma yaro ce a wurinsu, babba suke so.

Jin haka fa sai tsakar gida ta kaure. Tafiyar Makka ce, kowa ta tuna ta iya raino. Mai kitso ta ce Husaini ba ya yarda da kowa sai ita. Goggon gidan ta ce ita ta yi musu wankan farko, in ana neman cinya tata ce a gaba. Hajiya Babba ta ce duk su yi shiru, kaka na raye ba a aron hannu. Muka yi ta dariya har yaran suka farka tare, kamar yadda suka saba.

A nan ne nake ganin mun fi ƙarfi, kuma Yaya ma ta shaida. Ta ce a jirgin Kano zuwa Jidda, awa 4 zuwa 5, ba ta taɓa ganin mai jariri ta wahala ita kaɗai ba. Kafin yaro ya buɗe baki sau biyu wata tsohuwa ta miƙo hannu, "Kawo shi nan, 'yata, ki ci abincinki." Ɗa na kowa ne a wurinmu, a ƙasa ko a sama. Ta ce abu biyu kawai za a kiyaye: kada a miƙa shi jeren da dama akwai wani jaririn, kuma ya dawo hannun mai shi kafin a fara sauka.

Goyo ne Hajiya Babba ta ƙi saki da wuri. Ta ce ba bel ɗin da ya kai majanyi riƙe ɗa. Yaya ta ce a filin jirgi majanyi ya fi keken jarirai amfani, hannu biyu a sake, ga fasfo huɗu da za a riƙa nunawa, don kowane jariri da nasa fasfon da tasa bizar. Amma a kujera dole a kwance goyo, a zaunar da shi a cinya, a ɗaura masa ɗan bel ɗin da ma'aikaciyar jirgi za ta kawo, wanda ake zurawa a cikin na babba.

Sai batun kunne. Kukan da jarirai ke tsalawa lokacin sauka toshewar kunne ce, kuma haɗiya ke buɗe shi. Jirgi kan fara gangarowa kamar rabin awa kafin ya taɓa ƙasa, nan ne ya fi tsanani. Na hannun uwa nono zai sha. Na hannun uba fa, da ba a isa a miƙo shi ba a lokacin? A tatsa a zuba a fida tun a gida, a bar wa uban a aljihun kujerarsa. Jaka ma biyu za a yi, kowa da famfas ɗinsa da kayan canjinsa da tsumma, kada maigida ya riƙa leƙowa yana tambayar ina kaza bayan an ce kowa ya zauna. Maman 'Yan Biyu ta ce ai wannan ne mai wuyar, mutumin da bai taɓa canja famfas ba. Goggo ta ce saura sati uku, a fara koya masa yau da daddare.

Ranar tafiyar Hajiya Babba da kanta ta shirya su, farar riga iri ɗaya, hula iri ɗaya, ta tofa wa wannan addu'a ta tofa wa wancan daidai wa daida. Bayan la'asar muna tsakar gida muka ji ƙarar mai tashi. Ta fito da carbi a hannu, ta kare ido da tafinta tana bin sa da kallo har ya karkata gabas, sannan ta juyo wurin Yaya.

"Kika ce Hassan ne a dama, ko?"