Dokin Ƙarfe Ya Sha Ado

Ɗan yayana ya sayi babur, Bajaj Boxer sabo fil, bayan ya shekara biyu yana zubin adashi. Ranar da ya turo shi cikin gida uwarsa har da guɗa. Ni kuwa, da yake ni ne babba a wurin, na sa albarka, na kuma ba shi shawara ɗaya tak: ya riƙa juyen baƙin mai a kan kari. Ya ce, "To, Baffa." Ashe irin "to" ɗin nan ce da ake sallamar dattijo da ita.

Wata uku cur bai cire ledar da babur ɗin ya zo da ita ba. Indiyawan da suka ƙera shi sun naɗe shi ne don kada ya ƙuje kafin ya iso hannun mai saye, mu kuma muka mai da ledar takardar shaidar arziki. Ta yi baƙi, ta yayyage, tana filfilwa kamar tutar da damina uku ta bi ta kanta, amma kullum da safe sai ya tsuguna da salatif yana yi mata ɗori. Wani yaro ya taɓa jan gefenta, ranar sai da iyaye suka shiga maganar.

Da ledar ta ƙare don kanta, sai aka shiga aiki gadan-gadan. Madubai biyun nan su aka fara sallama. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Baffa, madubi ai na dattawa ne." Wato abin da ke bayansa ya riga ya wuce, ko da tifa ce ta ɗauko yashi. Daga nan ya kai salansa wurin mai walda. Injiniyoyi sun ɓata shekaru suna neman yadda inji zai yi magana a hankali, mai waldan unguwarmu ya warware musu wahalarsu kafin shayinsa ya huce. Yanzu in yaron nan ya tayar da babur da asuba, ladanin masallacinmu sai ya dakata ya wuce tukuna.

Amma odar ce ba zan yafe ba. Wani dare ina dawowa daga sallar isha'i, ina tafe ina jan carbi a lungunmu da ko amalanke sai ta karkace take wucewa, sai na ji odar tirela a ƙeyata. Ban tsaya tunanin ta ina tirela ta shigo lungu ba. Na yi tsalle irin wanda rabona da shi tun ina firamare, ƙafa ɗaya ta faɗa kwata, takalmin kuma har yau ba labari. Ina waiwayowa sai ga ɗan da aka raɗa wa suna a gabana, fitilu shuɗi da ja da kore suna wal-wal a ƙarƙashinsa kamar zauren biki, yana cewa, "Sannu Baffa, ashe kai ne?" A cikin fitilun nan goma sha wani abu, sigina kaɗai ce ba ta kamawa.

Sitika kuwa ba a magana. Barcelona a dama, Kano Pillars a hagu, idon zaki a kan fitilar gaba. A baya, daidai inda lamba ya kamata ta fito, an rubuta: Hassada ga mai rabo taki ce. Na yi ta neman mai hassadar nan a unguwa, ban samu kowa ba sai mai shagon kayan babur da ke bin sa kuɗin geza.

Kada dai na cika ɗora wa yaro laifi, abin gado ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe ya san Bahaushe ba ya iya ganin abin hawa tsirara. Jalala, linzami mai walƙiya, likkafa, tuntaye har ƙasa: doki yakan sha ado har sai ka nemi dokin ka rasa. Da doki ya yi tsada, sai ƙaunar ta koma kan Vespa, daga nan ta sauka kan Jincheng da Lifan da 'yan'uwansu. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, babur ɗin samari da yawa ya tashi daga jakin neman abinci ya koma dokin kilisa da rakiyar ango. Sai dai barde kafin ya ɗaura sirdi yakan cika wa dokinsa ciki da harawa da dusa. Barden gidanmu kuwa, tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, rabin lita yake saye a gora wurin 'yan bumburutu, in ya samu gangara ya kashe inji. Sau biyu ina cin karo da shi yana turo wannan amarya da ƙafa, gumi sharkaf, fitilu na ta rawa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rabon sutura. Tanki yana da riga. Wurin zama yana da riga, a kan rigar kuma an shimfiɗa darduma. Hannun totur yana da safa mai tuntu. Kan mai babur ne kaɗai ba a yi wa tanadi ba, don hular kwano tana ɓata aski. Ba yau aka fara ba: a farkon 2009, da aka tilasta sa hular kwano a Nijeriya, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a kai suka ɗaure da igiya.

Makon jiya na bi shi wurin bakanike. Mutumin ya taka birkin baya, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, yaron nan da me yake tsayawa?" Muka dubi silifas ɗinsa tare, dunduniyar duk ta cinye. Na zaro kuɗin birki na danƙa masa, na ce kada ya kwana bai gyara ba.

Da magariba na jiyo kiɗa tun daga bakin titi. Ya shigo lungu yana jan ƙafafu biyu a ƙasa, ƙura na tashi, ya wuce ƙofar gida da kamar taku goma kafin ya tsaya. A ƙarƙashin fitilar gaba an ɗaure sabuwar sifika.

Na ce, "Kai, ina birkin?"

Ya rage sauti ya ce, "Baffa, ai in suka ji kiɗa su za su kauce."