Gingimarin Eriya

Haɗa ƙarfe da ƙarfe ta hanyar zuba wani narkakken ƙarfe a tsakaninsu, ba tare da su kansu sun narke ba, ya kasu gida biyu a wurin masana, kuma iyakar da ke tsakani ita ce zafin digiri 450 a ma'aunin Selsiyos. Abin da ke ƙasa da wannan iyaka shi ne liƙi da dalma, irin na masu gyaran rediyo da masu ƙera fitilar aci-balbal, inda ake amfani da gaurayen ƙarfen kuza da baƙar dalma, wanda yake narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba. Abin da ke sama da ita kuwa shi ne waldar tagulla, wadda masu gyaran firji da lagireto suke yi da wutar kabaid, kuma sandar tagullar ba ta gudana sai zafi ya doshi digiri 900.

Mutumin Riruwai yana da uzuri idan ya ɗauka cewa gida na farko gadonsa ne. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran garin suke narkar da kuza, suna zuba ta a zubin siraran sanduna waɗanda fatake suke kaiwa Kano da wasu kasuwanni, kuma irin waɗannan sanduna ne suka sa Turawan Kamfanin Neja neman tushen ƙarfen, har suka dira ƙasar Jos a farkon ƙarni na 20. A shekarun 1970 an haƙa rami mai zurfi a dutsen garin domin kuza da tutiya, amma bai jima ba aikin ya tsaya, sannan faɗuwar farashin kuza a kasuwar Landan cikin Oktoba 1985 ta ƙarasa abin da ya rage na fata. Marubucin wannan maƙala, wanda malamin firamare ne da ya yi ritaya, ya ɗora hujjarsa a kan wannan tarihi, ya yanke cewa wanda aka binne cibiyarsa a kan kuza ba ya bukatar zama a gaban kowa domin koyon liƙi.

Abin da ya nufa shi ne ƙera ƙaramin gingimari, wato babbar motar kaya mai bodin katako, tsawonsa kamu ɗaya, domin ya nuna wa yaran unguwa masu motar kara da ta langa-langa cewa akwai bambanci tsakanin wasa da ilimi. Da yake siririn bututun tagulla ba ya cikin hajar kasuwar garin, sai ya koma ga eriyar rediyo, wadda bututu ce cikin bututu, ya bi gidajen 'yan'uwa yana tsintar matattun rediyoyi, kuma da ƙafa ɗaya ta shasi ta gaza sai ya ara, a nasa lissafin, eriyar rediyon uwargidansa lokacin da ta tafi barkar haihuwa.

Matsalar farko ita ce dalma ta ƙi zama, sai ta dunƙule ta gangara, ta faɗa inda ta ga dama, mafi yawa a kan tabarma, wani lokaci a bayan ƙafar mai aikin. Dalili shi ne eriya tana da wani farin rufi mai ƙyalli wanda dalma ba ta kama shi, sai an goge shi da magagari har jikin tagulla ya bayyana, sannan a shafa sinadari, wato maganin da ke cinye dattin da zafi ke haifarwa a fuskar ƙarfe domin narkakken ya shiga tsakanin gaɓoɓi. Wani yaro mai koyon gyaran rediyo ne ya yi wannan bayani daga bakin ƙofa, ba tare da an tambaye shi ba. Bayan haka aiki ya miƙe, aka yi shasi da kai da bodi, aka yanko tayoyi daga tsohon silifa, aka ajiye motar a zaure, jama'a suka yaba gwargwadon kunya.

Sai dai dalma ƙarfe ce mai laushi wadda ba ta jure jijjiga, saboda haka ranar da jikan marubucin ya loda wa motar duwatsu ya ja ta a kan tsakuwa, sandar tayoyin baya ta rabu da shasi. A nan ne aka tuna da gida na biyu, aka naɗe gingimari a cikin ɗankwali, aka shiga mota zuwa Tudun Wada wurin mai waldar kabaid.

Mai walda ya juya motar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wannan ba ta ɗaukar wuta, ka bari in ɗaure maka da waya."

"Kai dai hura wutarka, samari, ni daga Riruwai nake," in ji marubucin.

Abin da ya biyo baya ana iya bayyana shi dalla-dalla ta fuskar kimiyya, ko da yake a aikace bai ɗauki tsawon karatun Fatiha ba. Tagulla gaurayen jan ƙarfe ne da tutiya, kuma tana isar da zafi da sauri, don haka tun gaɓar da ake nufi ba ta yi ja ba zafin ya riga ya zagaye shasi, ya tarar da kowane liƙin dalma, wanda ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan wuta ba. Kan motar ya sunkuya, bodi ya buɗe gida huɗu, tayoyin silifa suka kama da baƙin hayaki. Wani bututu da marubucin ya toshe bakinsa biyu domin tsafta, iskar cikinsa ta kumbura ta yi tofi da narkakkiyar dalma a gaban babbar rigar da ya sa saboda tafiya. Bambar gaba, wadda ashe ta sanholo ce, ta zube ba sallama, domin sanholo yana narkewa a digiri 660 kuma ba ya yin ja ya gargaɗi mai aiki. Bututun eriya kuma, da yake kaurin jikinsa bai fi na farce ba, kuma narkewarsa tana dab da ta sandar waldar, ya huje, abin da ya tsira ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya.

Marubucin, wanda ya sunkuya domin ba da umarni, ya shaƙi wani farin hayaki, wato tutiyar da ke tashi daga tagulla idan zafi ya wuce digiri 907. Wannan hayaki yana jawo zazzaɓi da rawar ɗari bayan 'yan sa'o'i, kuma yakan sauka cikin kwana ɗaya ko biyu, amma a daren nan mutanen gida sun rabu, wasu suka ce cizon sauro ne, wasu suka ce an gamu da iska a dajin Falgore, uwargida kuwa ta ce alhaki ne.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka sani ita ce a fara da gaɓar da ta fi bukatar zafi a ƙare da ta dalma, a naɗe sauran jikin da jiƙaƙƙen tsumma, a bar wa kowane bututu hudar numfashi, kuma ga ƙaramin aiki a nemi sandar da aka gauraya da azurfa, wadda take gudana tsakanin digiri 600 da 800. Mai walda ya zayyana duk wannan bayan wuta ta mutu, sannan ya nemi kuɗin kabaid. Da marubucin ya nuna cewa babu abin da aka haɗa, sai ya ɗago sandar tayoyin baya da awartaki, ga ta maƙale da guntun shasi tsawon ɗan yatsa, ya ce, "Malam, wannan ka kawo in liƙe, kuma ja ta ka gani in za ta cire." An ja ta, ba ta cire ba, aka biya.