Za Mu Je Kallon Dawakin Daji, Ku Ci Gaba da Dariya

Ku gama dariyar tukuna, ina jira. Wanda shayi ya sarƙe a bubbuga masa baya. Magana dai tana nan yadda kuka ji ta: ina haɗa ayarin mahaya goma, mu ɗaura sirdi a Gusau, mu riƙa yada zango a hanya, mu je kallon dawakin daji. Tambayar da ke bakinku ma wani Alhaji na Tsafe ya riga ku yi mini ita, da Zamfarcinsa tsantsa: "Malam, lahiyakka ƙalau kuwa? Ina kag ga doki ba mai shi?"

Alhaji, ranka ya daɗe, ban gani ba, kuma kai ma ba za ka gani ba. Daga Kanwurin Gusau zuwa gindin dutsen Kwatarkwashi, daga Bungudu zuwa Yandoto, babu doki ko ɗaya da ke kwana ba turke. Dalilin a fili yake. Doki a ƙasar Hausa ɗan gata ne: dawarsa daban, harawarsa daban, ga kanwa, ga ɗan barga, a fada ma har sarauta guda aka yi dominsa, ta Shamaki. In ya tsinke igiya da hantsi, kafin la'asar yara sun ja shi ƙofar mai unguwa, mai cigiya na biye yana haki. Ko da a ce ya kuɓuce wa yara, ina za shi? Rani ya hana shi ruwa, damina ta haɗa shi da ƙudaje, in ya gangara kudu tsando ya sa masa sammore. Jaki ya fi shi iya zaman wahala, shi ma bai samu an bar shi ya zama na daji ba.

To kafin ku ce na kayar da kaina, ku saurari sauran labarin. Yawancin dawakin da duniya ke kira na daji, 'yan gudun gida ne. Na Amurka, waɗanda ake nunawa a fim suna tashin ƙura, asalinsu dawakin da Sifaniyawa suka tsallako da su ne tun bayan shekarar 1500, daga baya na makiyaya da na sojoji suka bi sahu. A 1971 majalisar ƙasar ta yi doka ta kare su. Yanzu su da jakunan da suka zama irinsu sun haura 70,000 a filayen gwamnati, jihar Nebada ce ta fi kowa yawansu, har sun zame wa hukuma ciwon kai. Da jirgi mai saukar ungulu ake koro su cikin shinge, a rasa yadda za a yi da su. A 2019 sai gwamnati ta fito da wani tsari: ka karɓi doki ka riƙe, a ba ka dala 1,000. Ku sake karantawa. Doki, da tukuici a kai. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! A kawo wannan tsari Zamfara ranar Litinin, kafin Laraba layi ya tashi daga Lalan ya wuce Damba, kuma na rantse Alhajin nan mai tambayar lafiyata shi zai kwana a gaba.

A nahiyarmu ma akwai su. A hamadar Namibiya, wurin da ake kira Garub kusa da garin Aus, wani ɗan garke na nan tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da sojojin Afirka ta Kudu suka gwabza da Jamusawa a 1915, dawaki suka watse. Abu biyu ya raya su: rijiyar da aka haƙa don jirgin ƙasa, da kuma dokar da ta hana mutane shiga yankin saboda lu'ulu'u. Wato sai da aka kori ɗan Adam sannan doki ya samu sakewa. Masu zuwa kallonsu kuwa da mota suke zuwa, su zauna a rumfa suna jira a zo shan ruwa. Ni wannan bai yi mini ba. A je kallon doki a zaune cikin inuwa, wane labari za a kawo gida?

Wanda masana suka fi yarda cewa ɗan daji ne tun kaka da kakanni yana Mongoliya, can suna ce masa takhi. Ganin ƙarshe da aka yi masa a daji a 1969 ne, ya rage sai a gidajen namun daji na Turai da Amurka, duk zuriyar dawaki goma sha 'yan kai. A 1992 aka fara mayar da su gida, a gandun Hustai, yamma da Ulanbato. Amma kada ku sa ran ingarma. Gajere ne, ƙaton kai, gezarsa a tsaye cirko-cirko, kamar jakin da ya ci rani a gidan mai dusa. A kawo shi hawan sallah gaban Sarkin Katsinan Gusau, 'yan kallo ihu za su yi masa. Ga sanyin ƙasar, mu da hunturun Janairu ke sa mu ƙin wanka.

Nan ne wani malamin makaranta na Bungudu ya gyara tabarau ya ce, "To Malam, tunda babu su nan, can kuma ba ka zuwa, ayarin na mene ne?" Malam, Allah ya ƙara basira, da ɗalibanka na tambaya haka da an huta. Ayarin na hawa ne da zango, kuma wannan sana'a ba Bature ya koya mana ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro watanni suke yi a hanya, kowa da aikinsa: madugu ke da ayari, jagaba ya wuce gaba ya duba hanya da wurin sauka, uban dawaki ya tsaya kan maganar kuɗin fito da sarakunan hanya. Yau jikokinsu ne ke cewa kwana a waje bidi'ar Turawa ce, alhali unguwannin da ake kira Zango suna nan har Kumasi da Akara suna ba da shaida.

Ga yadda na tsara, mai gyara ya gyara.

Lokaci: bayan an gama girbi, kaka ta miƙa wa hunturu. Gonaki sun buɗe, ba mai bin mu da sanda don mun taka masa gyaɗa, harawa ta yi araha, laka ta bushe, ƙuda ya ragu. Illa ƙarangiya, wadda za ta koya wa masu dogon wando hankali.

Ruwa shi ne babbar magana, kuma shi ne 'yan birni ke mantawa. Doki mai tafiya yakan sha kusan lita 30 a yini, in rana ta yi zafi ya fi haka. Dawaki goma ke nan lita 300, jarka 12 mai cin lita 25, ba a sa na mahaya da na alwala ba. Shi ya sa hanyar Bungudu ta fi kwanta mini, don Gulbin Sakkwato na kusa, ba sai mun mayar da ayari na 'yan garuwa ba. Kuma ba a sakin doki kan ruwa yana huci, a bar shi ya sha iska, a ba shi kaɗan-kaɗan. Hatsi ma haka. Mai son burgewa ya cika masa taska da dawa dare ɗaya, da asuba ya tarar da shi yana birgima da ciwon ciki.

Tafiya kuma ba sukuwa ba ce. Doki a takonsa na yau da kullum yana cin kilomita 6 a awa ko kusa da haka, in aka yi 25 a yini an yi abin kirki. Samarin da suka saba zamiya gaban 'yan mata ranar biki su sani: wanda ya saki linzami da safe, da azahar shi zai ja dokinsa a ƙasa.

Sai sirdi. Ku lura da tsohon doki ranar da ake ja masa majayi. Yakan kumbura ciki ya yi lamo, kai kana ganin ka ɗaure tamau. Ku yi 'yar tafiya, ya saki numfashi, majayi ya yi sako-sako, kana taka likkafa sirdi ya juya da kai, ka tsinci kanka kana kallon cikin doki daga ƙasa. Maganinsa a sauka bayan an ɗan taɓa tafiya a sake ja, a zura yatsu biyu a ji. Da an yada zango a cire jalala a shafa bayan da tafin hannu. Inda ya ɗau zafi ko ya tasa, gobe miki ne, kuma doki mai miki ba ya hawuwa.

Godiya ba ta cikin wannan tafiya. Mu nan ingarmu muke hawa, a sa godiya ɗaya tsakanin tara, ba mai runtsawa sai haniniya da harbi har gari ya waye. Turaku a nesanta su, kowa ya yi wa nasa dabaibayi da hannunsa. Malam na Bungudu, ga amsarka ta biyu: a cikin mutum goma ba a rasa ɗaya da bai iya ƙulli ba. Tsakar dare dokinsa zai tsinke ya yanki fili, wutsiya a sama, mu tara muna tsaye da tocila muna kallo. Dokin daji ke nan, namu na gida, ba biza ba kuɗin jirgi.

Yanzu waɗanda dariyarsu ba ta kai ciki ba, waɗanda suka ce, "Da wane dajin?" Ku ba zan zolaye ku ba. Duk wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe ya wuce Funtuwa ya san ƙarfe nawa direba ke fara duban agogo. Muna nan a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a jihar nan, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, duk saboda 'yan bindiga. Akwai manoman da gonarsu ta gagare su zuwa, balle mai yawon shan iska. Tsoron hanya ba baƙo ba ne a ƙasar nan: a 1853 ayarin da Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, yake ciki ya yi awa 26 yana ratsa dajin Gundumi ba zango, don gudun mahara. Su ma fataken da nake alfahari da su ba sa tashi sai jagaba ya ce hanya ta yi kyau. Saboda haka ba ran da zan kai 'ya'yan mutane su kwana a dawa a wannan hali. Tafiyar farko da rana za a yi ta, a gefen gari, da sanin fada da jami'an tsaro, zangon kuma cikin gari, a filin da ke da katanga. In sun ce a dakata, an dakata. Kwana a gindin Kwatarkwashi, da sallar asuba a inuwar dutsen, yana nan cikin lissafi, sai ranar da mai gona a wurin ya koma kwana a gonarsa.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Ashe dai kilisa ce da tabarma." To, kilisar ce. Kai yaushe rabonka da ita? Ka hau na awa uku kacal, gobe mu ga yadda za ka yi tahiya.

Wata Hajiya kuma ta aiko a tambaye ni ko tafiyar ta maza ce zalla. Hajiya, ƙasar da sarauniya 'Yargoje ta mulka, maƙwabciyar ƙasar Amina ta Zazzau, wane ni in hana? Sharaɗin kowa ɗaya ne: kuɗin harawa a hannu kafin a rubuta suna, don na san halinku, ranar tashi kowa sai ya tuna yana da ɗaurin aure. Marar doki ya nemi aro tun yanzu, ya kuma fara zuwa barga ana sabawa, kada ranar tafiya ta zama ranar gaisuwar farko. Waɗanda suka ce za su biyo mu a babur don su ga ƙarshen abin, mun gode, muna maraba. Jarkokin nan 12 dama ba su da mai ɗauka.