Zuwa ga Baba Apache, mai miƙo shafi

Baba, ranka ya daɗe,

Gaisuwa daga Jahun, da fatan ka tashi lafiya, in ma kana kwanciya. Tun 1995 kake tsaye bakin ƙofar intanet, duk wanda ya danna adireshi kai ne mai rugawa ciki ka ɗauko masa shafin. Ba albashi, ba fansho, ba ko na goro. Nan garin sai mu 'yan shagon kwamfuta muka san sunanka, mu ma sai ranar da shafi ya ɓace, ka fito a ƙarƙashin 404 da ƙananan baƙaƙe, ka sha zagin da ya kamaci wanda ya goge shi.

Yaran da ke koyon haɗa shafi sun ce ka tsufa, wai tun Fabrairun 2012 riga ɗaya gare ka, 2.4, faci kan faci. Sun koma wajen Nginx, wanda Igor Sysoev ya fitar a Rasha a 2004. Yaron akwai zafin nama, ba ƙarya, har ya sha gabanka a yawan shafuka. To amma a 2019 F5 na Amurka ya saye kamfaninsa dala miliyan 670, kafin shekarar ta fita 'yan sanda suka kai samame ofishinsa na Mosko kan rigimar mallaka, a 2024 kuma Maxim Dounin, ɗaya daga manyan masu kula da shi, ya yi yaji ya kafa freenginx. Kai kuwa tun 1999 gidauniya ke riƙe da kai, ba mai sayarwa, ba rabon gado.

Tsufanka bai dame ni ba, Baba. Masu yi maka faci nake ji. Mu mutanen kogin Haɗejiya mun san kachala: sannu take toshe hanyar ruwa, kowa na son ruwa ya wuce, amma ranar gayya fuskokin bara ne dai ke shiga da lauje har ƙugu, sai ƙarin furfura. Haka aka wayi gari a 2014 da ɓarakar Heartbleed, aka duba OpenSSL, makullin da kai ma kake rufe ƙofa da shi, ashe gudummawar da yake samu ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba, alhali bankuna na kwance a kansa.

Na yaba maka na Oktoban 2021. Ɓarawo ya sami kafa a 2.4.49, facin 2.4.50 bai toshe ta duka ba, kwana 3 sai ga 2.4.51. Ashe akwai masu kwana a farke. Su nawa ne, kuma wa suke koya wa?

In ana neman sababbin hannu, akwai yara a shagona masu kaifin kai. Sai dai a yi haƙuri da su, facinsu zai iso ranar da aka kawo wuta.

Naka,
Mai shagon kwamfuta, Jahun