Ka Ce Ƙararrawa Ta Wuyan Akuya Ce?

Ban ma buɗe baki ba na ga ka taɓe naka. An ce za a yi zancen ƙungiyar masu kaɗa ƙararrawa, kai kuma ga ka a Urafan, gero bai gama shiga rumbu ba, sai ka ce: "Malam, mu nan ƙararrawa uku muka sani, ta lakwal, ta keke, sai ta wuyan akuya. Wacce a ciki ake kafa wa ƙungiya?" To gyara zama, ɗan'uwa. Yau ni da kai ne.

A Ingila da Amurka za ka ga mutum goma sha ɗaya sun jeru bayan dogon tebur da aka shimfiɗa wa soso. A kan teburin ƙararrawa 37 ne na tagulla, kowace da muryarta guda ɗaya tak, daga mai kauri har zuwa siririya. Kowa yana riƙe da biyu, wasu suna ajiye a gabansa. Ba wanda waƙar take hannunsa. Mutum zai yi ta ƙirge a zuci har gaɓarsa ta zo, ya kaɗa sau ɗaya, ya manna ƙararrawar a kafaɗa ta yi shiru, ya koma jira. Har safar hannu suke sawa, don maiƙon hannu yana dusashe tagulla. In ɗaya ya yi fashi ranar, waƙar za ta fito da giɓi kamar bakin tsohuwa, kuma duk mai kunne ya san haƙorin wa ya faɗi.

Ka ce aikin marasa aikin yi ne? Subhanallahi! Ka zagi masaƙa ba ka sani ba. Asalin abin, masu jan igiyar manyan ƙararrawan hasumiya ne suke son gwaji ba tare da sun hana gari barci ba, sai suka koma ga ƙanana na hannu. Wasu 'yan'uwa biyu, Robert da William Cor, a wani ƙauye mai suna Aldbourne, su ake jingina wa daidaita muryoyinsu tsakanin 1696 da 1724. Daga baya abin ya zama na talakawan arewacin Ingila, ma'aikatan masaƙu da suke wuni cikin ƙurar auduga, da dare su taru su yi gwaji. Daga 1855 aka riƙa shirya musu gasa a Belle Vue ta birnin Mancesta. Wani ɗan wasan Amurka mai shegen wayo, Barnum, ya kwashi wasu daga Lankashaya ya kai su ƙasarsa, ya sa musu kayan mutanen Suwizalan, ya ce daga can suka zo, don kasuwa ta fi tafiya. Ka ga ke nan ba a kasuwar Tasawa aka fara canza wa kaya suna ba.

A Amurka kuwa mace ce ta dasa abin. Margaret Shurcliff ta Boston, 'yar likita, uwar 'ya'ya shida, kuma da hannunta take aikin kafinta. A 1902 ta dawo daga Landan da ƙararrawa takwas, a 1923 ta haɗa ƙungiya da yaranta da na maƙwabta, a 1954 aka kafa ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. Yau in ka leƙa irin waɗannan ƙungiyoyi na unguwa, malamar asibiti ce kusa da malamin makaranta, tsohon ma'aikaci mai cin fansho kusa da yarinyar da ta isa jikarsa. Akasarinsu ba da kiɗa suke ci ba.

Ka ce to ai shi ke nan, na Turawa ne, mu ina ruwanmu? Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Kuge fa? Ƙararrawa ce tagwaye ta baƙin ƙarfe, ba ta da harshe a ciki, da ƙaho ko sanda ake buga ta, kuma a da, a fadojin sarakunan Hausa, ita ce ke shelar yaƙi da fitar sarki. Kakanninka in suka ji ta ba akuya suke nema ba, kwari da baka suke lalube. Maƙera suna da zari, zoben ƙarfe da ake bugawa a kiɗan dundufa. Mata suna da sambani. Masu rawa suna ɗaura akayau a ƙafa. Ƙarfe ya daɗe yana magana da Hausa kafin a kafa tubalin lakwal ɗinku.

Amma ba ma wannan na zo in nuna maka ba. Ka tashi ka zagaya bayan dangarku ranar biki. Turmi ɗaya, taɓarya uku. Wannan ta sauke, waccan ta ɗaga, ta ukun ta jefa tata sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke ta daidai cikin ɗan sararin da 'yan'uwanta suka bar mata. Ba wadda take kiɗan ita kaɗai. Cire ɗaya, lugude ya koma daka kawai. Su wane ne makaɗan? Ɗaya amarya ce da aka kawo bara daga wajen Mayahi, har yanzu kunyar uwar miji take ji. Ɗaya mai dakan fura ce, da ita take ciyar da marayu. Ɗaya kishiyar ta farkon ce, sun yi kwana biyu ba sa ga maciji, amma taɓaryarsu ba ta taɓa karo. Ba wanda ya rubuta musu komai a takarda, ba mai tsayawa gabansu da 'yar sanda yana nuna musu lokaci. Kuma da aka gama, gari ya fito, an ci tuwo. Faɗa mini wace ƙungiyar Boston ce ta taɓa tashi daga wasa da abincin dare.

Haka daɓe, lokacin da mata ke taruwa su daɓe ɗakin amarya, madaɓai suna sauka tare, waƙa tana bi. Haka kiɗan ƙwarya: manya a kife a ƙasa, ƙarama tana yawo a kan ruwa, kowace mace da tata muryar. Haka tenden Buzayen da muke zaune da su a arewacin Tasawa da Mayahi. Turmin gida ne a ɗaure masa jiƙaƙƙiyar fatar akuya, mata su kewaye suna tafi da amshi, maza a kan raƙuma suna zagayawa. Biki ya watse, a kwance fata, turmi ya koma bakin aikinsa, makaɗiya ta koma tatsar nono.

Na san abin da ke cin ka. Ka ce kiɗa gado ne, aikin maroƙa, ɗan mutunci ba ya yi? A nan kam sai in tashi tsaye. Gaskiya ne akwai gidajen da kiɗa gadonsu ne, kalangu na bin mahauta, gangar noma na bin manoma, kuma ba abin kunya ba ne. Amma Mamman Shata bai gaji waƙa ba. A Musawa mahaifinsa bai so ya yi ta ba, shi kuwa da tallan goro da alewa ya fara, ya ƙare a 1999 yana mawaƙin da duk ƙasar Hausa ta sani. Malam Maman Barka na nan Nijar, wanda ya rasu a 2018, malamin lakwal ne, da alli a hannunsa kafin duniya ta san shi da gurumi da biram. Zamanin Seyni Kunce kuma, tsakanin 1974 da 1987, da aka farfaɗo da samariya, su wa kake tsammani suke cika fili da rawa da waƙa a bikin matasa? Manomi ne, tela ne, ɗan mai unguwa ne, 'yar mai tuwo ce. Je ka binciki dattijan da ke sahun farko a masallacinku. A cikinsu akwai wanda ya taɓa karkaɗa kafaɗa har aka liƙa masa dala. Tambaye shi a hankali, ka ga yadda zai shafa gemu ya ce zamani ne.

Ga inda zan ba ka rabin gaskiya, rabi kawai, kada ka saba. Mu mutane ne masu son sunan jagora. Kowa ya san Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Amma matan da ke zaune bayanta suna dukan ƙwarya suna amshi shekara da shekaru, faɗi sunan guda. Ka yi shiru. Wace ce zawara a cikinsu, wace ce ta baro ƙauye, wace ce take sayar da ƙuli in ba biki? Ba mu tambaya. Masu ƙararrawa sun fi mu a nan, ba don halinsu ya fi namu ba, sai don kayan kiɗan nasu bai bar wa kowa wurin yin sarauta ba. Mai riƙe da 'yar mitsitsiyar da za ta yi ƙara sau huɗu a duk waƙar, in bai zo ba, sai an aika a ɗauko shi.

Ka ce ai mu ba za mu iya irin wannan ba, don ba mu cika lokaci? Yi magana da bakinka kai kaɗai. A nan jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, mata su taru kowane mako a ranar da aka sa, a zuba kuɗin asusu, wadda ta makara ta biya tara, kuma tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Matan da suka iya wannan, riƙe ƙararrawa biyu ba zai gagare su ba. Wanda bai cika lokaci ba shi ne mai zama gindin gawo tun hantsi yana jiran shayi na uku.

Har yanzu kana cewa buga ƙarfe sau ɗaya a jira ba gwaninta ba ce? To madalla. Biki na gaba ka tuɓe babbar riga, ka ce wa Inna ta ba ka taɓarya ta uku. Ni zan tsaya daga nesa, kusa da mai ɗori.