Yadda Ake Kamuwa da Son Agogon Hannu

Idan kana so ka shiga sahun masu tara agogon hannu, fara da rantsuwa cewa kai ba za ka taɓa shiga ba. Ka ce agogo ɗaya ya ishi mutum, tunda hannu ɗaya ake ɗaura wa. Ka ƙara da cewa ga waya a aljihu, tana faɗin lokaci, har kiran salla take yi. Duk wanda ka gani yau da akwati cike da agoguna, yana goge su da tsumma mai laushi bayan isha'i, da wannan maganar ya fara, kuma har zuciyarsa ya faɗe ta. Saboda haka ka faɗi taka da ƙarfi a majalisa, a gaban shaidu, don su samu abin tuna maka nan da shekara biyu.

Daga nan sai neman agogo na farko, kuma kada ka nufi kanti. Ba kasafai ake sayen wannan ciwo da kuɗi ba, gadonsa ake yi ko a ba mutum kyauta. Je gida ka roƙi Hajiya ta buɗe maka tsohon akwatin Baba, wanda ake ajiye fasfon aikin hajji da takardun fili da carbin da ya tsinke. Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da agogo kwance a irin wannan wuri, domin an daɗe agogo yana cikin manyan tsarabar Makka, tare da zamzam da dabino da darduma. Alhazai sun yi ta shigowa da Seiko da Orient da Citizen, masu hali kuma su ɗauro Rado mai ƙyalli, irin wanda kamfanin ya fitar a 1962 da sunan DiaStar yana alfahari da cewa jikinsa ba ya karcewa.

In ka yi sa'a ka tarar da Seiko 5, riƙe shi hannu biyu. Tun 1963 Japanawa suke ƙera shi, ba ya cin batir, kuma da yawa daga cikinsu ko wani ba a yi musu da yatsa, girgizawa ake yi. To, girgiza shi a hankali na ɗan lokaci, ka zuba ido. Sau da yawa hannun sakan ɗin da ya shekara ashirin a tsaye sai ya motsa. Ka taɓa ɗan maɓallin da ke ɓoye a gefe, wajen ƙarfe huɗu, ka juya ranaku: a waɗanda aka yi don kasuwar Larabawa za ka ga rana ta fito da Turanci, ka ƙara juyawa ta fito da Larabci. Sannan ka ɗaura. Sarƙar an rage ta ne daidai kaurin hannun Baba, ko ta yi maka yawa ko ta matse ka, kuma a nan za ka fara sanin girman hannun da ya rene ka. Wanda ya kai wannan matsayi bai ji komai a ƙirjinsa ba, ya mayar da agogon akwati, ya tsira. Sauran mu sai mu ci gaba.

Kada ka ɗauka mu kaɗai abin yake kamawa ta wannan ƙofa. Kikuo Ibe injiniya ne a kamfanin Casio. Agogon da mahaifinsa ya ba shi ya faɗi ƙasa ya tarwatse, abin ya tsaya masa a rai, ya ɗauri aniyar ƙera wanda faɗuwa ba za ta kashe ba. Ya yi ta jefo samfura daga tagar banɗaki a hawa na uku na ginin kamfanin, sama da 200, kafin G-Shock ya fito a 1983. Rolex ɗin ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman da aka yi gwanjonsa a New York a 2017 kan dala miliyan 17.8, shi ma kyauta ce daga matarsa, wadda ta sa aka zana masa gargaɗi a bayan murfin cewa ya riƙa tuƙi a hankali. Masu sayen sun san ƙarfen bai kai wannan kuɗi ba. Hannun da ya ɗaura da wadda ta bayar suka biya.

Mataki na gaba shi ne wanda ba a dawowa daga gare shi, don haka ka karya kumallo da kyau kafin ka fita. Ka kai agogon wurin mai gyara. Ina nufin dattijon nan mai ɗan teburi da akwatin gilashi a bakin kasuwa ko kusa da babban masallaci, ko a Kano kake ko Zariya ko Damagaram. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka miƙa masa, kuma kada ka ce za ka je ka dawo. Ka nemi benci ka zauna. Zai maƙala ɗan madubinsa a ido ɗaya, ya kwance murfin baya, ya ɗan yi shiru. Nan ne za ka ce, "Baba, don Allah ara mini madubin in gani."

Abin da za ka fara gani rabin faifan ƙarfe ne mai lilo. Shi ne yake juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, ko gaisawa kake yi ko cin tuwo, yana naɗe wani dogon sifirin a cikin ɗan gwangwaninsa. Wannan sifirin shi ne rumbun ƙarfin agogon, in ya cika yakan riƙe shi wajen awa 40 ko da an ajiye shi. Ƙarfin yana bi ta ƙananan ƙafafu masu haƙora, wannan ta tura waccan, har ya iso wurin wani ɗan zobe mai kai da komo, wanda aka ɗaure da wayar da ta fi gashin kai siranta. Zoben nan shi ne mai raba lokaci. A Seiko 5 na yau da kullum yana bugawa sau 6 a sakan ɗaya, wato sau 21,600 a awa, sau 518,400 a kwana guda, ba wuta, ba batir, ba hutun Juma'a. Ba banza aka yi masa kirari da agogo sarkin aiki ba. Za ka kuma ga wasu jajayen ɗigo-ɗigo suna ƙyalli. Yaƙutu ne, su ne duwatsu 17 ko 21 da ake rubuta adadinsu a jikin agogo, kuma aikinsu hana bakin ƙarafa cinyewa saboda gogayya. Kada zuciya ta raya maka cire su ka kai kasuwa, a masana'anta ake haɗa su, ba su da wani kuɗi. Darajarsu tana wurin da aka dasa su. Duk wannan hidima a fili ne da bai fi bakin kofin shayi ba, kuma mutum ne ya zauna ya tsara ta. Ni dai ban san wani abin hannu da ya fi wannan sa mutum ya yi tasbihi kan basirar da Allah ya ba ɗan Adam ba.

Bayan wannan rana alamomi za su fara fitowa, kuma shawarata kada ka ɓoye su. A wurin ɗaurin aure, kowa yana kallon fuskar ango, kai kana kallon wuyan hannun waliyyi. In an miƙo maka hannu a gaisa, sai ka ɗan riƙe shi fiye da ƙima kana karkata kai, har sai ka ce, "Alhaji, wannan Orient ɗin na wace shekara ne?" Kada ka ji kunya. Cikin mutum goma, tara za su ce ba su sani ba, na goman kuma zai kwance ya miƙo maka, ya ja kujera, ku manta da walima. Ka samu aboki ke nan. Za ka koyi naɗe hannun babbar riga ta yadda agogo zai leƙo ba tare da an ce ka nuna ba. Za ka fara saita shi da lokacin labarai a rediyo, gobe ka sake dubawa, ka shigo gida da albishir cewa sakan goma kacal ya ƙara. Mutanen gida ba za su gane girman labarin ba, ka yi musu uzuri.

A daidai nan wasu suke ɓata, su fara raina agogo mai batir. Kada ka bi su. Ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da dutsen kwatz, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a Japan a lokacin. Cikin 'yan shekaru fasahar ta yi araha har ta kusa durƙusar da masu ƙera agogo na Suwizalan, inda ma'aikata suka ragu daga wajen 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Ɗan dutsen da ke cikin agogon kwatz na yau da kullum yana karkarwa sau 32,768 a sakan, shi ya sa kuskuren da baƙin Casio F-91W zai yi a wata guda, tsohon Seiko zai iya yin sa a yini. Casio ɗin nan, wanda ya fito a 1989 kuma batirinsa yakan kai shekara bakwai, shi ne agogon farko na ɗalibai da 'yan acaba da masu gadi bila adadin. An ce araha ba ta ado, amma akwatin da babu shi a ciki bai cika ba.

Sai labarai, domin mai tara agogo ba ya rasa na bayarwa. Ka haddace cewa Louis Cartier ya yi wa abokinsa matuƙin jirgin sama ɗan Brazil, Alberto Santos-Dumont, agogon hannu a 1904 don ya daina laluben aljihu yana sama. Ka haddace cewa Omega Speedmaster ne a hannun Buzz Aldrin lokacin da ya taka wata a Yulin 1969, Neil Armstrong kuwa ya bar nasa a cikin kumbo. Za ka ba da waɗannan a cikin adaidaita sahu, kuma wani fasinja zai wuce inda zai sauka don ya ji ƙarshe.

Yanzu agogo na biyu. Hujja ba ta wuya: na Baba ba a zuwa gona da shi, dole a samu na aiki. Na uku na Juma'a ne da Salla. Na huɗu saboda fuskarsa shuɗiya ce kuma kana da shuɗiyar shadda. Daga na biyar an daina neman hujja. Abin da nake roƙonka kawai, in uwargida ta tambayi kuɗinsa, faɗa mata gaskiya, kada ka ce wani aboki ne ya ba ka. Mafi kyau ma ka sayo mata nata, ka buɗe mata bayan naka ta gani. Ai su ne masu abin tun asali: kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya agogon hannu adon mata ne, maza na aljihu suke riƙewa, sai da sojoji a ramukan yaƙi suka ga ba su da hannun zaro agogo daga aljihu sannan maza suka karɓa. 'Yar'uwa mai karatu, agogon da aka sako miki a lefe, kika ajiye a durowa tun da batirinsa ya mutu, shi ma ƙofa ce. Namiji musulmi kuwa ya samu sauƙi ɗaya, zinare ba nasa ba ne, kuma na ƙarfe ya fi araha nesa ba kusa ba.

Akwai ramuka biyu a hanya. Na farko jabu. Rolex ɗin da aka miƙo maka ta tagar mota a cunkoso, aka ce ka kawo abin da ya sauwaƙa, ka san amsarsa. A intanet kuma akwai tsofaffin Seiko da ake sake wa fenti kala-kala, a haɗa kan wannan da cikin wancan, da yawansu daga Indiya, a sayar a matsayin na asali. Casio na gaskiya ya fi Rolex na ƙarya mutunci a hannu. Rami na biyu shi ne zancen riba. Yawancin agoguna suna faɗuwa a farashi da zarar an fita da su daga kanti, ƙalilan ne suke tashi. Kada ka ci bashi, kada ka taɓa kuɗin makarantar yara ko na cefane. Ka saya don kana son ganinsa a hannunka da safe.

Ka kula da ruwa, tunda sau biyar a rana muke haɗuwa da shi. Agogon da aka rubuta wa mita 30 fantsali kawai yake jurewa, tsohon agogo kuwa robar murfinsa ta riga ta bushe, ko me aka rubuta a kansa. Cire shi kafin alwala, ka sa a aljihu, kada ka ajiye a kan dakalin masallaci. Kada ka kwantar da mai sifirin a kan lasifika ko kusa da maganaɗisu, zai fara gudu. Kada ka canza kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran ciki suna tsakiyar wannan aikin da kansu. Ƙurar hunturu da gumin bazara suna cin maɗaurin fata, na ƙarfe ko na roba ya fi dacewa da mu.

In shekara biyar ta zagayo, mayar da agogon wurin dattijon nan ya wanke ya sa mai. Ka ce masa kada ya goge karcen jiki, kada ya sauya fuska, kuma duk abin da ya cire ya ƙunsa maka a takarda. In ya faɗi kuɗin aikinsa, don Allah kada ka yi masa cinikin tumatir, ka biya har ka ɗora. Masu wannan sana'a suna tsufa, yara kuma sun koma gyaran waya. In kana da yaro mai natsuwa da kaifin ido, kai shi ya zauna kusa da teburin nan ya koya.