Masu Kallon Tsuntsu a Ruwan Warra

Tun da madatsar Kainji ta tare kogin Kwara a 1968, ruwa ya malala har ƙasar Yauri, tsuntsaye suka sami masauki, musamman tsibirin Foge da aka sa cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a 2008. Da hunturu har baƙi daga Turai ke sauka. Sai dai in jirgi ya tashi daga Warra, 'yan cikinsa sun fi tsuntsayen zama abin kallo.

Ga Ɗan Tukunya. Ka nuna masa garken kirinjijiya sun rufe yashi, tambayarsa ɗaya ce: "Ana ci?" Ɗinya a wurinsa farfesu ce da ba a kai ga fige ta ba. Zalɓe kaɗai ya yafe wa, wai ba tsoka.

Kusa da shi ɗan boko ne, madubin hangen nesa a wuya, littafi a cinya. Ya buɗe shafi, ya leƙa, ya sake buɗewa, ya furta wani suna da harshen Latin har yana cije leɓe. Mai jirgi, Basarke, ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Malam, balbela ce." Ita ɗin dai da ke bin shanu a bayan gidansu.

Mai waya kuwa bai ga komai ba, fuskarsa yake ɗauka.

Na fi jin daɗin wanda ya taɓa ganin ayu. Masunta sukan tsufa a ruwa ba su ga fiye da hancinsa ba, amma shi a gabansa ya fito, har suka haɗa ido. A Warra ayun ya kai ɗan maraƙi, kafin a isa kasuwar Yelwa ya fi jirgin tsawo.

Sai jarumin tudu, mai cewa dorina ai saniya ce ta iya iyo. Kunnuwa biyu na ɓullowa ya kama salati: "Baba, don girman Allah juya!" Nan take ya yafe wa kowa bashi.

Gwanin gaske manomin shinkafa ne. Tun asuba yana gona da gwangwani da majajjawa, ya san jan baki tun yana ɗigo a sama. In ka je, kada ka yaba kyan tsuntsu a gabansa, ka yi masa sannu da aiki ka wuce.